Adda Ta Ce Ba 'Yarta Ba Ce

Ga ta nan, ga ta nanku, daga bakin kogin Nilu ta taso.

Ta ƙaraso, mun baza kunne.

To, ku gyara zama. Akwai wata yarinya Khairat, 'yar Misau, da ta tafi Alƙahira karatu. Ilimin balaga take yi, wato sanin yadda Larabawa ke ƙawata zance har ya shiga rai. Tana zaune a unguwar Abbasiya, can saman wani tsohon bene da matakalarsa ke ƙamshin ƙosan Masarawa tun da sassafe. Khairat ba ta san tsoro ba. Irin yaran nan ne da in direban mikrobas ya wuce da su, sukan ɗaga murya da Larabcin Masar har sai ya taka birki ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri.

Ta gama rubuta kundin digirinta na biyu, saura munaƙasha. Munaƙasha kuwa ita ce ranar da ɗalibi ke zama gaban malamai uku, a zaure cike da jama'a, su yi ta tsefe aikinsa yana kare kansa. A Masar ranar biki ce. Akan zo da furanni da alewa, a zaunar da iyaye a layin gaba, in an gama a kira uwa ta miƙe, maza su tafa, mata su rangaɗa guɗa.

Malamar da ke duba aikin Khairat sunanta Duktura Hiba. Mace ce mai kirki, amma ba ta haɗa hanya da maƙaryaci. Ta riga ta yi wa Khairat alkawarin ɗaukarta a digiri na uku. Da aka sa ranar munaƙasha, Khairat ta roƙe ta a ɗaga har mahaifiyarta ta sami biza ta zo. Duktura ta tuna ita tata uwar ba ta kai ga ganin tata ranar ba. Sai ta ce tamam, ta yarda. Ta sha wahala kafin ta shawo kan sauran malaman biyu, musamman wani dattijo da zai taso daga kudancin Masar, amma ta ɗaga.

Abin da Khairat ba ta gaya mata ba, don bai ma zo mata a rai ba, shi ne ita 'yar fari ce. Ku yaran yanzu wasunku ba su tarar da wannan ba. A gidajenmu na da, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. In aka tambaye ta ko nata ne, sai ta ce a'a. Tun daga yaye aka miƙa Khairat ga Goggo, kakarta ta wajen uba. Ta tashi tana kiran uwarta Adda, kamar wata yayarta, ita kuma uwar in dole ta kama sai ta ce 'yar Goggo.

Adda ta sauka da jaka kamar za ta fashe. Kuka, daddawa, kilishi, man shanu a gora. Kowanne ta ciro sai ta jingina shi ga wani cikin ƙannen Khairat.

“Wannan Habu ne ya ce a kawo. Wannan Hauwa ce ta matsa.”

Ta ciro wata doguwar riga ruwan toka, an yi mata aikin hannu a wuya, ta jefa kan gado tana kallon taga.

“Wannan kuma tela ne ya yi kuskure, ta yi wa Hauwa tsawo. Ko akwai mai so.”

Khairat ta sa rigar, ta zauna mata cif kamar a jikinta aka yanka. Ta dubi yatsun Adda, duk sukan allura. Ta ce, “Allah ya ƙara wa telan nan kuskure.”

“Ke dai kin cika surutu,” in ji Adda.

Duktura ta gayyace su shan shayi a gidanta da ke unguwar Dokki. Suna shiga ta rungume Adda, ta sumbace ta dama da hagu, tana cewa, “Ahlan, ahlan! Ke ce uwarta? Inti ummaha?”

Adda ta yi Islamiyya, ta kuma je Makka. Ta san ummu. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta kaɗa hannu.

“La, la, la,” wato a'a. Ta nuna can wajen da take zaton Najeriya take. “Goggo.”

Duktura ta juyo ta dubi Khairat. Khairat ta yi dariya, ta shiga bayani, cewa al'adarsu ce, kunyar ɗan fari ake ce mata. Duktura ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Sake tambayarta.”

“Adda, wai cewa ta yi ke wace ce a wurina.”

“Ki ce mata rakiya na yi. Goggonki ƙafa ta hana ta, shi ne aka turo ni.”

Khairat ba ta iya canza magana ba, sai ta fassara yadda aka faɗa. Duktura ta ajiye butar shayi a hankali.

“Ya binti, 'yata,” ta ce, “na daɗe ina koyar da 'yan ƙasarku. Iyayensu mata sukan zo su rungume su, su yi kuka har su jiƙa mini kafaɗa. Ban taɓa ganin uwa ta musanta ɗiyarta ba. Yanzu ke ce mai fassara, ke ce mai bayani, ke ce shaida. Na ɗaga ranar malamai saboda uwa, ba saboda 'yar rakiya ba. Ranar munaƙasha zan kira mahaifiyarki ta miƙe, kamar yadda muke yi wa kowa. In ta miƙe, khalas, shi ke nan, na ba ki haƙuri. In ba ta miƙe ba, digirin nan naki ne, aikinki ya ci. Amma na gaba ki nemi wani malamin.”

A hanyar komawa Adda sai yabon kujerun gidan take yi. Sai da suka hau bene suka rufe ƙofa Khairat ta ce, “Adda, yau kin kashe ni.”

“Ni? Ko shayin ban zubar ba.”

Khairat ta warware mata komai. Ta ce miƙewa kawai ake so, ba sai ta ce uffan ba.

Adda ta riƙe haɓa. “In miƙe a gaban malamai maza, a nuna ni a ce ga wadda ta haifa? Ke ba ki da ta ido? Goggonki na raye. Ita ta yi wankin kashi, ita ta yi jinyar ƙyanda. Don ta kasa hawa jirgi sai in zo ƙasar mutane in ƙwace mata ke? Ban iya ba. Ki ce wa malamar ta yi haƙuri.”

Ta ɗauki buta ta shige alwala. Magana ta ƙare.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wata ƙawar Khairat ce, Shahana, Ba'indiya daga Kerala, ita ma balaga take karantawa tare da mijinta. Khairat ta same ta a kicin tana kankare kwakwa za ta dafa kifi. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta ba ta labari da Larabci, don shi ne yaren da ya haɗa su. Shahana ta yi dariya har ta sa gefen mayafi tana share ido.

“Mu muna da sunan wannan abin,” ta ce. “Apahnava. Kalmar Sanskrit ce, tsohon harshen malaman Indiya, wanda yarukanmu suka ɗebi kalmomi a cikinsa kamar yadda kuka ɗeba a Larabci. Mu a Malayalam mukan ce apahnavam, ka san abu ka ɓoye shi. Maigidana Kannada yake ji, shi ya dage musu ce, a tambaye ka ka ce sam. Mun yi faɗa a kanta har shinkafa ta ƙone. Wata 'yar ajinmu mai jin Hindi ta ce su har da kauce-kauce da kawo uzuri.”

“Duk Adda ta haɗa,” in ji Khairat. “Ta ɓoye, ta musa, ta kawo uzuri da ƙafar Goggo.”

“Tsaya, ban gama ba. Tsofaffin ƙamusoshi sun jera mata har da lallashi, har da ƙauna. Kuma mawaƙanmu na da suna da wani salo daga tushe ɗaya da ita, apahnuti. Mutum ya dubi fuskar wadda yake so ya ce, wannan ba fuska ba ce, wata ne. Kowa ya san fuska ce. Ba wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali.”

“Allah ya ƙara ilimi, Malama Shahana. Amma Duktura ba ƙamus take nema ba. Mace take so ta gani a tsaye.”

“To ki matsa mata mana. Ki yi kuka. Ni da kuka na samu uwata ta bar ni na zo Masar.”

Khairat ta ce za ta yi tunani. Ta tashi ta leƙa ta tagar kicin ɗin, don daga nan ana hango titi. Wa za ta gani? Adda ce tsaye gaban mai sayar da tumatir, rungume da ƙaton kundin nan mai baƙin bango. Ta sauko da shi duk tsawon benen. Tana buɗa wa matar shafi bayan shafi, tana nuna sama wajen ɗakinsu, tana ɗaga yatsa ɗaya, wai mutum ɗaya ne ya rubuta duka. Mai tumatir ta buga ƙirji ta nuna ta, alamar taki ce? Adda ta kaɗa hannu. Ko daga sama Khairat ta gane me ta ce. La, la, la.

Khairat ta daɗe a tagar. Da ta juyo ta ce, “Ba zan matsa mata ba. In Duktura ta ƙi ni, malamai ba su ƙare a Masar ba. Zan shiga in kare aikina, Adda ta zauna yadda ta ga dama.”

Ana gobe munaƙasha aka kira Mahasin ta yi musu lalle. Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, a unguwar Ainu Shams take zaune, duk wata hidimar ɗalibai ita ke zana musu hannu. Hausarta gauraye take da Larabci, bakinta kuwa ba ya hutawa. Khairat ta roƙe ta ta zauna kusa da Adda a zauren, ta riƙa gaya mata abin da ake cewa. Mahasin ta ce, “A kaina, ya habibti, ƙawata. Kalma ɗaya ba za ta faɗi ƙasa ba.”

Sai dai akwai abin da ba wanda ya tuna ya gaya wa Adda. A munaƙasha, malami in bai ɗaga murya ba, sai a ce bai karanta aikin ba. Wanda ya fi faɗa sau da yawa shi ya fi yabawa a ƙarshe. Duk ɗalibin Alƙahira ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗi ne.

Zaure ya cika. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Sudan, ga Shahana da mijinta da kwalin alewa. An ajiye wa Adda kujera a gaba, ta ƙi, ta koma tsakiya ta lafe a bayan wata mai ƙiba. Khairat ta zauna cikin rigar kuskuren tela. Da aka ba ta dama ta yi godiya, ta gode wa malamanta, ta gode wa Goggo da ta raine ta, sannan ta ce, “Da wata baiwar Allah da ta yi mini rakiya daga Misau.” Duktura Hiba ta dube ta ta saman tabarau.

Malami na farko ya yi nasa cikin sauƙi. Sai aka zo kan dattijon kudu. Ya gyara rawani, ya buga tafin hannu a kan kundin har ruwan kofinsa ya yi tsalle. Ya fara.

“Me yake cewa?” in ji Adda.

“Wai babi na biyu bai yi masa ba,” in ji Mahasin. Ita kuma ba ta iya ba da labari ba gishiri ba. “Wai kamar miyar da ba a sa wa daddawa ba.”

Dattijo ya ƙara murya, yana nuna Khairat da alƙalami.

“Yanzu fa?”

“Wai wa ya koya mata wannan? Wai ina ta ajiye kanta ranar da ta rubuta shi? Ko kan ba komai a ciki?”

Khairat kuwa daɗi take ji. Ta san tambayar, ta san amsar, jira kawai take ya numfasa. Ta sa hannu ta kama kunnenta na hagu tana ja a hankali, don haka take yi in tana jera magana a ranta. Adda ba ta san wannan sabon amfanin kunnen ba. Ita wanda ta sani daban ne.

Sai ji aka yi kujera ta yi ƙara.

“Malam! Ya isa haka.”

Adda ce tsaye, mayafi ya zame har kafaɗa, ba ta ma sani ba. Mahasin ta kama gefen zanenta. “Hajiya, zauna, wallahi haka suke yi, wasa ne.”

“Wasa? Ba ki ga tana jan kunne ba? Tashi ki gaya masa.”

Duktura Hiba ta jawo abin magana gabanta. “Wace ce wannan? Me take cewa?”

Mahasin ta miƙe. Wannan karon ba ta ƙara gishiri ba, don maganar ta zo da nata.

“Ki gaya masa,” in ji Adda, “yarinyar nan ba tawa ba ce, ta Goggo ce. Amma kunnen nan da take ja, tun tana zanen goyo take jan sa in kuka ya taho. In ta kama shi, ko tuwo nake tuƙawa sai in ajiye muciya. Ki gaya masa ba ni na haife ta ba. Amma ranar da aka haife ta ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ungozoma ta kasa tsallake kwari, ba kowa a ɗakin. Kan nan da yake cewa ba komai a ciki, ni na san nauyinsa. In bai ga abin yabo ba ya rufe littafin ya ba mu abinmu. Wato abin Goggo.”

Mahasin ta juya shi da Larabci tiryan-tiryan. Da ta kai kan nauyin kai, wata tsohuwa Bamasariya a baya ta saki guɗa tun lokaci bai yi ba. Duktura Hiba ba ta kalli tsohuwar ba. Adda take kallo, don Adda na tsaye tana huci, hannunta na kan kunnenta na hagu tana ja. Ta dubi Khairat, ita ma nata hannun na nan inda yake. Duktura ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

Dattijon kudu ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji. “Ya Hajja, ki yafe mini. Na jima ban karanta aiki mai kyan wannan ba. Amma in na yi shiru, abokan nan nawa za su ce a jirgin ƙasa na yi barci ban buɗe shi ba.”

Mahasin ta fassara. Adda ta dube shi sama da ƙasa.

“To ya rage murya.”

Sai a lokacin ta lura duk zauren ita ake kallo. Ta yi wuf ta ja mayafi har goshi, ta zauna, ta koma bayan mai ƙiba. Shahana ta leƙo daga layinsu, ta kama idon Khairat, ta motsa leɓe ba sauti, apahnuti. Khairat ta danne dariya da ƙyar, ta saki kunne, ta ce, “Malam, in ka ba ni izini, ga amsar babi na biyu.” Ta amsa, ta kawo hujja, ta ƙara da wadda bai tambaya ba. Dattijo ya ci gaba da faɗansa, amma ƙasa-ƙasa, yana yi yana satar kallon tsakiyar zaure.

Malamai suka fita shawara, suka dawo. Duktura ta karanta sakamako, an ba Khairat daraja mafi girma. Kafin a ɓarke da tafi ta ɗaga hannu.

“Al'adarmu ce a nan mu kira uwa ta miƙe. Yau ba zan kira kowa ba. Baiwar Allahn da ta yi wa 'yar Goggo rakiya daga Misau ta zauna abinta. Mu za mu miƙe.”

Ta miƙe, malaman suka miƙe, zaure duka ya miƙe. Guɗar Masar ta haɗu da ta Sudan da ta gida. Mutum ɗaya ce a zaune, ta juya fuska tana duban bango kamar an rubuta wani abu a jikinsa.

Da aka fito Duktura ta riƙe hannun Khairat ta ce, “Ma'alish, ya binti. Bayan Salla ki zo mu zaɓi abin da za ki rubuta a kai.” Khairat ta je ta durƙusa gaban Adda da furanninta. Adda ta karɓa tana duban wani wajen.

“An ce an ci ko? To, madalla. Goggonki za ta ji daɗi. Gyara wuyan rigar nan, ya karkace.”

Khairat ta zauna a Alƙahira ta yi digirinta na uku a hannun Duktura Hiba, yanzu tana koyarwa a Bauchi. Shahana da mijinta sun koma Kerala, har yau ba su daidaita a kan ma'anar kalmar ba. Mahasin na nan a Ainu Shams tana lalle, duk wadda ta miƙa mata hannu sai ta ji labarin nan, da gishirinsa. Dattijon kudu ya yi ritaya. Goggo ta rayu har ta ga kundin, ta sa aka ajiye mata shi a kan sif. Adda kuwa tana Misau lafiya lau, tana kiran 'ya'yan Khairat da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, uwarsu kuma har gobe 'yar Goggo ce.